Sawu a Lakar Tabkin Jinjimi

Kabiru masunci ne ya fara gani. Ya fito da sassafe ranar Talata zai duba ƙugiyoyinsa, sai ya hangi gefen Tabkin Jinjimi ya yi fari-fari da toka-toka, kamar mata sun shanya wanki a laka. Da ya matso ya ga tsuntsaye ne: kirinjijiya, dinya, jinjimi, da ƙananan agwagin nan da ke zuwa daga ƙasashen Turai duk lokacin ɗari. Wasu sun sandare, wasu suna jan fiffike suna zagaye wuri ɗaya. Ya zaɓi huɗu masu sauran rai, ya yanka, ya kai gida. Matarsa Laraba tana da cikin wata bakwai, ta kwana biyu tana kwaɗayin nama, ita ta cinye ƙundun da hantar duka. Kafin la'asar an ɗora ta a mota zuwa asibiti a Goronyo, miyau na zuba daga bakinta.

Shekara shida ke nan da hukuma ta kafa turakun siminti ta zagaye tabkin, ta ce na tsuntsaye ne: ba farauta, ba jefa koma, ba kiwo a ciki. Tun daga lokacin babu gidan da ba shi da ƙorafi a Tungar Jinjimi. Amma da aka tashi neman mai laifi, ba wanda ya dubi maƙwabcinsa. An ga sawun shanu a bakin ruwa, sai samari suka nufi rugar wani makiyayi, Mode, da sanduna. Da ƙyar Maigari ya ƙwace shi daga hannunsu, ya sa shi a ɗakin zaurensa ya rufe.

* * *

Washegari da hantsi Victor, jami'in da ke kula da tabkin, ya tsayar da babur a ƙofar gidan Abdulƙadiri a Boyekai. Victor mutumin Zuru ne, dogo, idanunsa sun yi ja don rashin barci.

Abdulƙadiri yana zaune a tabarma ya miƙe ƙafafu cikin rana, yana shafa man kaɗanya a gwiwoyinsa. Ya haura saba'in. Shekara arba'in ya yi yana bin sawun shanun sata daga Rabah har bakin iyakar Nijar, kuma a da ana cewa ko akuya ta bi ta kan dutse sai ya gaya maka inda ta kwana.

"Na bar wanga aiki, Malam Victor," in ji shi bayan sun gaisa. "Ba a hwaɗa maka ba? Duk sawun da nib bi shekara ukun ga, bakin daji ɗaya shika ƙarewa. In tsaya in dubi itace, in juyo gida, masu shanu na kallona."

"Baba, wannan ba na daji ba ne. Na cikin gari ne."

"Shi yah hi muni."

Victor ya durƙusa a gefen tabarmar. "An ba ni zuwa gobe Alhamis. Idan ba a samu wanda ya yi ba, daga Sakkwato za a rufe fadamar gaba ɗaya, har gonakin da ke wajen turaku. A kwashe injinan ban-ruwa. Kuma 'yan sanda za su tafi da Mode."

"Mode na rugar gabas? Mi yay yi?"

"Shanunsa sun sha ruwa a wurin."

"Shanunai sun sha ruwa," Abdulƙadiri ya maimaita a hankali. Ya daɗe yana kallon ƙafafunsa. Sannan ya rufe gwangwanin man, ya miƙa hannu ya jawo sandarsa. "Taimaka min in tashi. Kuma kak ka yi gudu da ni bisa wanga babur."

* * *

Masu gadi biyu suna ƙona gawarwakin a rami, warin gashin tsuntsu ya cika fadamar. Victor ya ce sun haura ɗari uku. Ya zaro wani ɗan zoben ƙarfe daga aljihu ya nuna wa tsohon.

"A ƙafar wata agwagwa na cire. An sa mata shi a wata ƙasa da ko sunanta ban iya faɗa da kyau ba. Ta ƙetare teku, ta ƙetare hamada, ta zo nan ta mutu a hannuna."

Abdulƙadiri yana duban ƙasa. Inda tsuntsayen suka zube, rabin gari ya tattake wurin, babu abin karantawa. Don haka ya bar shi, ya yi baya, ya fara zagaye tabkin daga nesa, yana dogara sanda, yana tsayawa ya huta duk bayan 'yan taku. Sai da suka kai gefen arewa, inda laka ke da taushi kuma jama'a ba su bi ba, ya tsuguna.

Shinkafa ce mai ƙaiƙayi warwatse a laka, ta kumbura, launinta ya yi shuɗi-shuɗi. Kusa da ita ga sawun dogon takalmin roba, irin na ma'aikata.

"Ku nawa ka sa irin wanga takalmi?"

"Ni da masu gadi biyu. Da duk manomin shinkafa a fadamar nan."

Tsohon ya bi sawun da bakin sanda. A dugadugan hagu akwai liƙi mai kusurwa uku, ya fito sarai a kowane taku. Takalmin babba ne, amma takun gajere. Gaban takalmin bai nutse a laka ba, baya kawai ke shiga. Wuri uku ya ga da'ira, alamar an sauke roba mai nauyi an sake ɗauka. A gefen sawun kuma wani siririn layi ya sharo laka nan da can. Ya ɗauka fiffiken tsuntsu ne mai ja da ƙyar, ya wuce.

"Mai shi bai ɗauki tsuntsu ko guda ba," ya ce. "Ya zo da kaya, ya koma da roba wayam. Ba nama shika so ba."

"Shanun fa?"

Abdulƙadiri ya nuna inda kofato ya taka kan sawun takalmin ya ɓata rabinsa. "Wane ab bisa? Shanu daga baya sunka zo. Kuma ka taɓa ganin Bahillacen da zai zuba guba inda shanunai ka shan ruwa?"

Sawun ya hau tudu ya shiga busasshiyar hanyar da kowa ke bi, ya ɓace a can.

* * *

Mode yana zaune a kusurwar ɗakin zauren Maigari, gefen goshinsa ya kumbura. Da ya ga tsohon ya yi yunƙurin tashi.

"Zamna. Mi yak kai ka cikin turaku?"

"Baffa, rijiyarmu ta ƙahe tun watan jiya. In na bi ta hanya, masu albasa su ce na shiga gona. In na bi ta daji, ka san waɗanda ka can. Na shigo da asuba in ba su ruwa in hita kahin masu gadi su zo. Na yi laihi, na sani. Amma tsuntsu mi yay yi min?"

"Ka ga wani?"

"Na hangi mutum can nesa shina hawa tudu, da kaya a kai. Gari bai waye ba sosai. Na ɗauka mai gadi na, na ɓoye."

"Dogo ko gajere?"

Mode ya yi tunani. "Ban iya rantsuwa. Gajere nika zato."

A waje samarin da suka kama shi suna zaune a kan dakali. Ɗaya ya ɗaga murya don tsohon ya ji: "Mu dai mun san su wa ka kashe mu a ƙasar ga." Abdulƙadiri ya dube shi har yaron ya sunkuyar da kai, sannan ya wuce. Ya gaji da jin wannan maganar fiye da yadda ya gaji da tafiya.

* * *

Kowa a Tungar Jinjimi ya san Sa'adu ya taɓa rantsuwa a ƙofar masallaci cewa wata rana sai ya ga bayan tsuntsayen nan. Shi ne mai gonar shinkafa mafi girma a fadamar, gajere ne kakkaura, yana da dogon takalmi, yana da iri buhu-buhu, yana da magungunan feshi a shagonsa. Victor ya riga ya yanke hukunci tun a kan babur.

Sun same shi yana gyaran injin ban-ruwa, hannuwansa baƙi ƙirin da mai.

"Awo, na hwaɗi," in ji Sa'adu, bai ko tashi ba. "Kuma yau ma in an tambaye ni in ƙara. Malam Victor, kai albashi kaka ci, mu ƙasa muka ci. Tsuntsu shi zo daga ƙasar Turawa shi cinye iri, in na jehe shi da hoge a ce na taɓa kayan gwamnati. Amma ban zuba guba ba. Litinin da azahar nit tahi Wurno ɗaurin auren ɗiyar ƙanena, sai Talata da yamma nid dawo. Mutum ɗari sun gan ni."

"Ana iya aika wani," in ji Victor.

"To ka nemo wanda nika aikawa."

Abdulƙadiri ya roƙe shi ya taka laka da takalminsa. Sa'adu ya yi tsaki, ya taka. Ƙafarsa ta cika takalmin tam, gaba da baya sun nutse daidai, dugadugan lafiya lau ba liƙi. Tsohon ya duba sauran takalman ma'aikatansa guda huɗu da ke jingine a bukka. Babu.

Da suka koma wurin babur Victor ya ce, "Shi ne, Baba. Ya dai fi mu wayo."

"Kana son shi zama shi," in ji Abdulƙadiri. "Su ma can suna son shi zama Mode. Kai mu Goronyo."

* * *

Kabiru yana zaune a barandar asibiti, kansa cikin gwiwoyi. Da aka yi masa sannu sai ya fashe da kuka.

"Ni nik kai mata da hannuna, Baba. Na ga suna motsi, na ce halal na. Ni nig gasa."

Ma'aikaciyar jinya ta fito tana goge hannu. Sunanta Vivian, 'yar Kafanchan, ta shekara tara a wannan asibitin. Ta ja su gefe.

"Tana numfashi, amma ba ta san inda take ba. Muna ba ta magani bisa alamun da muka gani. Likita ya kira daga Sakkwato sau biyu, tambayarsa ɗaya: mene ne sunan abin da aka zuba? Akwai allurar da za ta taimaka in wani iri ne, in kuma wani iri ne ba a so a yi ta, balle ga mai ciki. Ni ban damu da wanda ya yi ba, Baba. Gwangwanin nake so, ko takardar jikinsa."

"Zuwa yaushe?"

Ta ɗaga kafaɗa. "Da jiya aka kawo da ya fi."

Kusa da tashar mota akwai wani mai liƙin roba, Mujaheed, wanda duk bokiti da takalmin da ya fashe a ƙasar Goronyo wurinsa yake zuwa. Abdulƙadiri ya zauna a bencinsa da nishi, ya zana dugadugan takalmi a ƙasa da sanda, ya zana liƙin mai kusurwa uku a ciki.

Mujaheed ya leƙa. "Aikina na. Ni kewaye nika yanka liƙi kullum. Sau ɗaya nit taɓa yanka mai kusurwa uku, ranar robar ta ƙare min sai guntu. Mai takalmin ma dariya yay yi, yac ce ya zan layar tsari."

"Wa na?"

"Khalid, mai gadin tabki. Allah shi jiƙan shi."

Victor ya buɗe baki. Khalid ma'aikacinsa ne, shi ya fi kowa sanin tsuntsayen, har yana kiran wasu da suna. Bara da kaka 'yan bindiga suka harbe shi a hanyar Rabah, suka tafi da babur ɗinsa.

Abdulƙadiri ma bai manta ba. Shi aka kira ranar. Ya bi tayar babur ɗin har bakin daji, ya tsaya, ya juyo. Daga ranar bai sake bin sawu ba sai yau.

"Wataƙila an sayar da takalmin," in ji Victor. "Ko an ba wani ɗan'uwansa."

Tsohon yana ganin lakar a idonsa: babban takalmi, gajeren taku, gaba ba nauyi domin yatsu ba su kai can ba. Kaya a kai. Da siririn layin nan da ya ɗauka fiffike ne. Fiffike ba ya bin mutum taku bayan taku har tudu. Bakin zane ne.

"Ina gonar Khalid take?" ya tambaya.

"Gefen arewa, jikin turaku. Matarsa ke nomawa yanzu."

"Kai ni kusa, ka jira ni bakin hanya. Kak ka biyo ni."

* * *

Rana ta yi sanyi lokacin da ya isa. 'Yar gona ce, ba ta kai a kira ta gona ba. A gefe guda an tayar da kunya huɗu an daidaita laka don rainon irin shinkafa, amma babu tsiro ko ɗaya a ciki. Sawun agwagi ne ya rufe lakar kaf, kamar an buga mata hatimi.

Kaltume, matar marigayi Khalid, tana zaune a kan kunya, ƙafa ba takalmi, hannuwanta a cinya. Ba aiki take ba. Ba ta fi talatin da biyar ba, amma wuyanta ya yi rama. Wata babbar roba shuɗiya na kife a gefenta.

"Sannu da aiki, ɗiyata."

"Sannu, Baba." Ta gyara mayafi. Ta gane shi.

Ya nemi wuri ya zauna nesa kaɗan, ya miƙe ƙafar da ta fi ciwo. "Sau nawa kinka zuba iri?"

"Ukku." Muryarta ba ta rawa. "Na hwarko wanda shi yab bari. Na biyu na ƙanen uwata. Na ukku na sai da tunkiya. Duk sanda nij jiƙa niz zuba, kwana biyu sai su sauka da asuba su tsince. Da shina da rai shi ka korassu, shi ya san yadda aka yi musu ba a taɓa su ba. Ni in na kwana nan, wa za shi kwana da ɗiya huɗu?"

"Kin gaya wa Malam Victor?"

"Sau ukku. Duk zuwa sai shi rubuta bisa takarda shi sa aljihun tebur. Yac ce za a kawo raga a ruhe min." Ta dubi turakun simintin. "Mijina shekara biyar shina gadinsu. Sunka bar shi yat tahi, su sun dawo."

Abdulƙadiri ya bi turakun da kallo. Can cikin tabkin wasu 'yan agwagi da suka tsira suna iyo a tsakiyar ruwa, nesa da gaɓa.

"Daga asibiti nike," ya ce. "Laraba na da rai. Mai jinya ta ce sunan maganin taka so, in an samu yau ana iya ceto ta da abin da ac cikinta. Ban zo tambayar kowa komi ba. Gwangwani nika nema."

Kaltume ta sunkuyar da kai.

"Laraba ta riƙe min hannu haihuwata ta hwarko," ta ce. "Tun jiya nika son in tashi in tahi, ƙahwata ta ƙiya. Ban san mutum za shi ci ba, Baba. Wallahi ban san za su kai haka ba. Na ce goma, ishirin, sauran su ji tsoro su bar min wuri."

Ta tashi, ta je ƙarshen kunya, ta tona da hannu. Ta fito da wani ƙaramin gwangwani naɗe cikin leda, ta ajiye a gabansa, ta koma ta zauna.

Ya ɗauka ya sa a aljihu. Ya dogara sanda ya miƙe da ƙyar.

"Za ka hwaɗi?" ta tambaya.

"Tahi gida wurin ɗiyanki," in ji shi.

A bakin hanya ya miƙa wa Victor gwangwanin. "Yanzu ka yi gudun. Ni na kwana gidan Maigari."

"A ina ka samo?"

"Cikin ƙasa."

* * *

Ranar Alhamis bayan azahar gari ya taru a ƙofar gidan Maigari. Motar 'yan sanda na tsaye a gindin dalbejiya, Sajan na zaune a kujera kusa da Maigari yana kaɗa makulli. An fito da Mode. An kira Sa'adu, da Kabiru da ya dawo daga asibiti da safe, da masu gadi biyu. Victor na tsaye a gefe, ya kasa haɗa ido da kowa.

Abdulƙadiri ya sa aka zuba ruwa a fili aka kwaɓa laka. Ya sa kowannensu ya sa dogon takalmi ya ratsa, har Victor. Sannan ya bi sawun ɗaya bayan ɗaya da sanda, yana bayani da murya ƙasa-ƙasa, dole aka yi tsit don a ji. Wannan takunsa ya yi tsawo. Wannan ƙafarsa ta cika takalmi. Mode ko tafiya da takalmin bai iya ba, kuma shanunsa bayan mai laifin suka zo.

"Ranka shi daɗe, ba ko ɗaya cikinsu," ya ce wa Maigari.

Hayaniya ta tashi. "To wa na?" "Hwaɗi muna!" Sa'adu ya fi kowa ɗaga murya, domin shi ma ya kwana biyu ana nuna shi da baki.

Abdulƙadiri ya ce, "An kira ni in duba ko Mode na. Ba shi na ba. Aikina ya ƙare."

Sajan ya daina kaɗa makulli. "Baba, jiya ka kawo gwangwanin guba. Wanda ya san inda aka binne shi ya san mai shi. Ni an ce kada in koma hannu biyu. In ba ka faɗi suna ba, ko in tafi da Bafulatanin nan, ko in tafi da kai."

Tsohon ya dubi Mode, ya dubi taron. Shekara arba'in yana nuna mutane da sanda ana ɗaure su, bai taɓa kwana yana tunanin ko ɗaya ba. Jiya bai runtsa ba.

"To mu tahi," ya ce. "Amma sai an kama min in hau, gwiwata ba ta lanƙwasa."

Ya fara takawa zuwa motar. Maigari na cewa, "Haba Malam Abdulƙadiri, haba," ba wanda ya san abin yi. Bai kai rabin fili ba sai ya ga mutanen da ke bayan taron suna darewa.

Kaltume ce. Ta sa wankakken mayafi, ta riƙo dogayen takalman a hannu ɗaya. Ta ratsa tsakiyar maza ba ta dubi kowa ba, ta ajiye su a gaban Maigari, ta durƙusa.

"Ranka shi daɗe, ni ta. Ku bar tsohon ga shi zamna."

Ba a yi ihu ba. Samarin da ke riƙe da sanduna suka rasa inda za su sa su. Kabiru ya dube ta ya daɗe, bakinsa na motsi, sannan ya juya ya fita daga taron.

Sajan ya miƙe. Victor ya sha gabansa.

"In za ka rubuta, ka rubuta da ni," ya ce. "Sau uku ta zo ofishina. Takardun suna cikin teburina, ban aika ko ɗaya ba. Zan ɗauko su in biyo ku."

Da za a sa ta a mota ta tsaya kusa da Abdulƙadiri.

"Laraba?"

"Ta buɗe ido da asuba. Ɗan na motsi."

Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na girgiza. Da ta sauke ta ce, "Ɗiyan na wurin innata. Amma Baba, na jiƙa sauran iri cikin randa, mudu biyu, mai kyau. In ba a zuba ba zuwa jibi, ya lalace."

"Na ji," in ji shi.

* * *

Ba a rufe fadamar ba. Mode ya kwashe rugarsa cikin mako ya yi wajen Rabah da shanunsa. Ba wanda ya je ya ba shi haƙuri, shi ma bai yi sallama da kowa ba sai Maigari. An tsare Kaltume a Sakkwato ana jiran ranar shari'a, Victor na zuwa duk Litinin da takardunsa. Laraba ta dawo gida da cikinta, ba ta yarda a ambaci sunan Kaltume a gabanta, amma an ga ta aika wa yaran tuwo sau biyu.

Abdulƙadiri bai koma Boyekai ba. Ranar Asabar ya zuba irin da hannunsa, ya yi 'yar rumfa da karan dawa a kan kunya. Kullum kafin rana ta fito yana can, lulluɓe da bargo, da tsohon kwano da guntun ƙarfe a gabansa. In agwagi suka taso daga tabki suka nufo gonar, sai ya buga, su karkata su koma.

Kwana na tara Victor ya zo da raga naɗe a bayan babur. Ya tsaya yana kallon lakar da ta yi kore shar, sannan ya dubi tsohon da ke rawar ɗari.

"Baba, ga ragar ta zo. Sai ka koma gida ka huta."

Abdulƙadiri ya dubi ragar, ya dubi tsiron.

"Yanzu sun hi ƙarhin tsuntsu," ya ce. "Aje ta nan. Kwana goma sha biyu ya rage a yi dashe, kuma ni ban iya duƙawa. Ka zo da takalminka."